Me Ya Sa Jiragen Ruwa Suke Yawan Kifewa da Mutane a Kogunanmu da Madatsunmu?

Wani malamin makaranta daga ƙasar Yawuri ya aiko da tambaya, ga abin da ya ce a taƙaice: kusan kowace damina sai an ji jirgi ya kife da mutane a kogin Kwara ko a wata madatsa, an raba rigunan kariya, an kafa dokoki, amma abin bai tsaya ba. Yana son ya san ko laifin matuƙa ne, ko tsufan jirage, ko kuwa ƙaddara ce kawai, sa'an nan su da ba su da wata hanya sai ruwa, me ya kamata su duba kafin su shiga jirgi.

Malam, na daɗe ina aikin duba lafiyar jiragen fito da injinansu a tashoshin ruwa, kuma abin da shekarun nan suka koya mini shi ne yawancin jiragen da suke nutsewa a tsakiyar kogi tun a bakin gaɓa aka gama nutsar da su. Kututture ko iska ko mutuwar inji, waɗanda ake ambata a labarai a matsayin sanadi, sau da yawa ƙarashe kawai suke yi. Don haka zan fi daɗewa a kan abin da yake faruwa lokacin lodi, domin a nan ne mutum yake da iko a kan lamarin.

Ran jirgi yana cikin tazarar da ke tsakanin bakinsa da fuskar ruwa. Wannan tazara ita ce take karɓar igiyar ruwa, ita ce take ba jirgi damar karkata ya dawo daidai, kuma duk abin da aka ɗora a cikinsa daga jikinta ake cirewa. Lissafin ba shi da wuya. Ruwan kogi mai cika akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne mita ɗaya ne, nauyinsa kilo 1,000 ne. Ɗauki jirgin katako mai tsawon mita 15 da faɗin mita 2 a tsakiya, wanda shimfiɗarsa a kan ruwa ta kai kamar murabba'in mita 25. Kowane kilo 250 da aka ƙara masa zai sa ya lume da santimita ɗaya. Manya huɗu ke nan, ko buhun masara biyu da rabi, ko babur biyu da ɗoriya. Santimita ɗaya ba ta tayar wa kowa da hankali, shi ya sa idan mai lodi ya ce a matsa a ba mutum huɗu wuri babu mai musu. Amma idan aka ƙara mutum 80 a kan ƙa'ida, jirgin ya lume da kusan santimita 20, wato taƙi guda cur. Jirgin da ya kamata a ce bakinsa ya ɗara ruwa da taƙi biyu sai ya tashi da taƙi ɗaya, wani lokaci ma ka ga fasinja ya miƙa hannu yana wanke goro ba tare da ya sunkuya ba. Irin wannan jirgi, igiyar da wani jirgin ya bari a bayansa ma ta isa ta shiga cikinsa.

Turawan Ingila sun sha wannan masifa kafin mu. A ƙarni na 19 masu jiragen dakon kaya suna cika su har wuya suna tura ma'aikata teku, saboda idan jirgi ya nutse inshora ce za ta biya. Wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta gwagwarmaya har aka yi dokar 1876 da ta tilasta zana alama a jikin jirgi, wadda ruwa ba zai haura ta ba idan an gama lodi. Har yau kowane babban jirgin teku yana ɗauke da wannan zane. Abin da yake burge ni game da ita shi ne ba ta buƙatar ilimi: tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta iya tsayawa a gaɓa ta ga layin ya nutse. Gwangwanin fenti ɗaya ya isa jirage da yawa, kuma a ganina da za a yi wa kowane jirgin fito a madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Goronyo wannan zane, a kuma samu mai hana tashi idan ruwa ya rufe shi, da an ceci rayukan da suka fi waɗanda tirelar rigunan kariya za ta ceta.

Yawan nauyi rabin magana ne, sauran rabin kuwa inda aka ajiye shi. Nauyin da yake ƙasa, a cikin jirgi, yana taimaka masa ya zauna. Nauyin da yake sama, kamar buhuna da aka jibga a kan rumfa, ko babura a tsaye, ko mutane zaune a kan kaya, yana rage masa ƙarfin dawowa idan ya karkata. Mutum kuma ya fi buhu haɗari, domin buhu ba ya firgita. Da zarar ruwa ya fantsamo ta dama, sai kowa ya zabura ya yi hagu, jirgin ya bi su, ruwa ya shigo ta hagun, shi ke nan. A watan Satumba na 2018 jirgin fito mai suna Nyerere ya kife a tafkin Biktoriya na Tanzaniya yana daf da isa tsibirin Ukara a ranar kasuwa, ɗauke da fiye da ninki biyu na mutanen da aka ƙayyade masa, a daidai lokacin da fasinjoji suka taru gefe guda suna shirin sauka, mutum 228 suka rasu. Na kawo wannan ne don a gane cewa ganin gaɓa ba tsira ba ne. Lokacin da kowa yake miƙewa yana laluben kayansa yana daga cikin lokutan da jirgi ya fi rauni.

Sai ruwan da yake kwance a cikin jirgin kansa, wanda mutanenmu suka raina ƙwarai, har ana ganin ai jirgin katako dama ba ya rabuwa da yoyo. Ruwa mai zurfin santimita 10 a shimfiɗar murabba'in mita 20 nauyinsa tan biyu ne, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Duk gefen da jirgi ya karkata, nan zai kwarara gaba ɗaya ya ƙara danna shi. Wannan ne ya kifar da wani babban jirgin dakon motoci na Ingila a bakin tashar Zeebrugge ta Beljiyam a watan Maris na 1987, wanda ya tashi ƙofofinsa na gaba a buɗe, ruwa ya malale benen motoci, ya kwanta cikin abin da bai kai minti biyu ba, mutum 193 suka mutu. Haka jirgin Al-Salam Boccaccio 98 da ya taso daga Duba ta Saudiyya zuwa Safaga ta Masar a Fabrairun 2006: gobara ce ta tashi, ruwan da aka yi ta fesawa don kashe ta ya taru bai samu mafita ba, jirgin ya karkata ya nutse a Bahar Maliya da mutum sama da 1,000. Idan ƙarfe mai dubban tan bai jure ruwan da yake yawo a cikinsa ba, ina ga katako. Saboda haka yaron da yake kwarfar ruwa da roba a bayan jirgi aikinsa bai gaza na matuƙi ba, kuma jirgin da aka cika shi har babu inda za a zura roba a kwarfa, bai kamata ya tashi ba.

Maganar tsufan jirage da ka kawo gaskiya ce. Jirgin katako ba ya lalacewa a inda ido yake gani. Ƙusoshi suna tsatsa a cikin katako, haƙarƙarin da suke riƙe da allunan suna ruɓewa a ƙarƙashin shimfiɗa, a toshe tsaga da tsumma da kwalta a shafa fenti, ya fito kamar sabo. Da yawansu kuma an sassaƙa su ne don filafili ko ƙaramin inji, daga baya aka ƙara musu tsawo aka maƙala musu inji mai ƙarfin doki 40 ko 75, wanda girgizarsa take sassauta haɗin katakon a hankali. Irin wannan jirgi ba kifewa yake yi ba, darewa yake yi. A ranar 26 ga Mayu 2021 jirgin da ya taso daga ƙasar Borgu a jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi ya rabe ya nutse da mutum sama da 150, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Tsoho ne, an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, kuma ba a buƙaci wata babbar guguwa ba.

Akwai kuma abin da yake ƙarƙashin ruwa. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da ƙauyuka da gonaki da dazuzzuka masu yawa, kuma ba duk itatuwan aka tumɓuke ba. Icen da yake nutse cikin ruwa yana iya shekaru da yawa bai ruɓe ba. Kututturan nan suna nan tsaye, wani lokaci kansu a waje, wani lokaci taƙi ɗaya a ƙasa da fuskar ruwa, gwargwadon cikar tafki da janyewarsa. Kogin Kwara kuwa sau biyu yake kawo ruwa a wannan yanki: na damina mai laka wanda yake cika wajen Satumba, da wanda yake tahowa daga tsaunukan Gini ya ratso Mali ya iso da sanyin hunturu. Hanyar da matuƙi ya bi lafiya wata biyu da suka wuce tana iya zama tarko yau. Tsofaffin Sarkawa sun haddace waɗannan wurare kamar yadda mutum ya san lungunan unguwarsu, amma haddar tana aiki ne idan ido yana ganin alamomin gaɓa.

Wannan ya kawo mu ga tafiyar dare, wadda ita ce take mayar da ƙaramin haɗari babban makoki. A watan Yunin 2023, mutanen ƙauyukan Patigi na jihar Kwara da suke dawowa daga biki a jihar Neja cikin dare suka gamu da ice a ruwa, jirginsu ya dare, fiye da mutum 100 suka rasu. A daren 1 ga Oktoba 2024 jirgin da ya kwaso masu dawowa daga Mauludi ya kife kusa da Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa, da ɗaruruwan mutane, yawancinsu mata da yara. Na Bagwai a jihar Kano, ranar 30 ga Nuwamba 2021, shi ma da yamma ne, ɗaliban Islamiyya daga Badau za su tsallake madatsar Watari zuwa Mauludi, aka rasa aƙalla 29. Duba yadda suka yi kama: taro ne na biki ko addini ko kasuwa, kowa yana son tafiya a lokaci ɗaya, jirgi ɗaya ne, kuma babu wanda zai yarda a bar shi a gaɓa. Da dare matuƙi ba ya ganin kututture, wanda ya faɗa ruwa ba ya ganin gaɓa balle ya san inda zai nufa, masuntan da za su kawo ɗauki kuma suna gida suna barci.

Ba na son a ɗora wa matuƙa laifin duka, ko da yake suna da nasu. Mutumin da yake da ranar kasuwa ɗaya a mako, wanda kuɗin man da yake zubawa ya ninka tun da aka cire tallafin fetur a 2023, sawu biyu a wurinsa asara ce, sawu ɗaya mai cike riba. Fasinjoji su ma sukan yi masa caa idan ya ce jirgi ya cika, wani ya haɗa shi da Allah, wani ya tuna masa zumunci, wani ya ce ai jiya ma an ɗauki fiye da haka an kuma isa lafiya. Ga lalacewar hanyoyin mota, ga 'yan bindiga da suka sa mutanen wasu yankunan Neja da Kebbi da Sakkwato da Zamfara suka gwammace ruwa da tudu. Wannan "jiya ma an isa lafiya" ita ce babbar matsala, domin jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima yakan isa sau da yawa, kowace isa kuma tana ƙara wa mutane ƙarfin hali, har ranar da iska ko kututture zai zo ya tarar babu sauran tazara.

Iska ba ta buƙatar dogon bayani ga mutumin Yawuri. Hadarin farkon damina da na ƙarshenta yakan taso da guguwa daga gabas cikin 'yan mintoci, kuma a faffaɗan ruwa irin Kainji igiya tana samun filin girma. Jirgin Joola na Senegal, wanda aka ƙayyade wa fasinja 536, ya ɗauki kusan 2,000 daga Ziguinchor zuwa Dakar, guguwa ta same shi da dare a gaɓar Gambiya ranar 26 ga Satumba 2002, ya kife cikin mintoci kaɗan. Adadin da gwamnati ta bayar na mamata 1,863 ne, wanda ya zarce na Titanic, mutum 64 kacal suka tsira. Idan gabas ta yi baƙi, a jira.

Yanzu rigar kariya. Ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari, amma a san matsayinta: ba ta hana jirgi kifewa, tana dai riƙe kan mutum a sama har a zo a ɗauke shi. Kuma sai an sa ta an ɗaure kafin a tashi, domin jirgi idan zai kife ba ya ba da lokacin laluben riga a ƙarƙashin buhuna. Na sha ganin rigunan da aka raba an tara su a ɗakin ajiya, ko an mayar da su matashin zama har soson cikinsu ya mutu, ko kuma duk na manya ne alhali yaro idan aka sa masa babba ta kansa take zamewa. Wasu fasinjojin kuma suna ƙyamarta don datti ko zafi, wasu suna ganin sa ta kamar kiran mugun abu ne. Waɗanda suka fi mutuwa kuwa mata ne da yara, saboda su ake zaunarwa a tsakiya ƙarƙashin rumfa inda fita take da wuya, yawancinsu ba su iya iyo ba, ga zani da hijabi suna naɗe ƙafa da hannu, ga goyo a baya. Inda riga ba ta samu ba, jarka mai lita 25 da babu komai a ciki, an ɗaure murfinta tam, tana iya ɗaga nauyin da ya haura kilo 20 a ruwa, wanda ya isa ya riƙe babban mutum idan ya rungume ta. Ba ta kai riga ba domin sai da ƙarfin hannu, amma ta fi babu nesa ba kusa ba.

Jiragen shaƙatawa, irin na yawon Sallah a madatsu da wuraren wasa, dokar ruwa ɗaya ce take kansu, sai dai su nasu haɗarin yakan zo ta gudu, da tsayuwa ɗaukar hoto, da matuƙin da bai ɗaura igiyar kashe inji a hannunsa ba, ta yadda idan ya faɗa ruwa jirgin zai ci gaba da zagaye farfela tana juyawa. Wani jirgin yawon buɗe ido mai suna Ethan Allen ya kife a tafkin George na jihar New York a Amurka a Oktoban 2005, a ruwa mai kwanciya, mutum 20 suka mutu. Bincike ya gano an sauya masa rumfa da mai nauyi ba a sake gwada zamansa ba, takardarsa tana cewa fasinja 48 alhali abin da zai iya ɗauka lafiya 14 ne. Duk mai ƙara wa jirginsa rumfa ko bene ya tuna da wannan.

Dokoki akwai su. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta hana lodi fiye da kima, ta wajabta rigar kariya, hukumar HYPPADEC mai kula da raya yankunan madatsun wutar lantarki kuma ta yi rabon riguna da aikin cire itatuwa a wasu wurare. Sai dai mashigan ruwa sun fi ma'aikata yawa nesa, kuma dokar da babu mai tsaron ta a gaɓa da ƙarfe shida na yamma takarda ce. Hana fito gaba ɗaya bayan haɗari, kamar yadda aka yi a Bagwai, ba ya daɗewa, domin mara lafiya da mai naƙuda da ɗan kasuwa dole su tsallake. Wanda yake gaɓa kullum shi ne Sarkin Jirgi ko Sarkin Ruwa da shugabannin ƙungiyar matuƙa, kuma su ne maganarsu take da nauyi a wurin. A ba su iko da alhaki tare: su ƙirga kai, su rubuta sunaye a littafi kafin a tashi, su duba layin fenti. Rashin wannan littafi ne ya sa bayan kowane haɗari ake ta saɓani a kan yawan waɗanda suka ɓace. Masu shirya biki da Mauludi su ma su sa kuɗin sawu biyu ko uku a cikin lissafinsu kamar yadda suke sa na abinci, su kuma sallami baƙi da sauran rana.

Game da ƙaddara, mun yi imani da ita, kuma babu mai wuce kwanansa. Amma wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure ta sa'an nan ya yi tawakkali. Matuƙin da ya ga ruwa ya kai bakin jirgi ya tayar da inji, amanar rayuka ya yi wasa da ita.

Kai kuma da za ka shiga, ka tsaya a gaɓa ka kalli jirgin bayan an gama lodi, ba kafin a fara ba. Idan bakinsa a tsakiya bai ɗara ruwa da taƙi biyu ba, ko kaya sun haura kafaɗar mutanen da suke zaune, ko ka leƙa ka ga ruwa kwance babu mai kwarfa, ko tafiyar ba za ta ƙare kafin magariba ba, ka sauke iyalinka ko da kuɗin fiton zai salwanta. Ka tambaya ko akwai filafili da gora a ciki saboda mutuwar inji, domin jirgin da injinsa ya mutu yakan juya ya ba igiya haƙarƙarinsa. Kada a zaunar da yara a can cikin rumfa. Idan abin ya faru, a riƙe jikin jirgin, saboda katako ko ya kife sau da yawa yana yawo a sama, kuma masu ceto sun fi saurin hango jirgi a kan kan mutum. Mai son taimakon wanda yake nutsewa ya miƙa masa gora ko ya jefa masa jarka ko igiya, domin mai nutsewa yana danne wanda ya matso shi ba da saninsa ba. Wanda aka fito da shi ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci ana danna masa ciki ko ana zazzage shi kai a ƙasa don ruwa ya fito. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki, sa'an nan a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30 ana hurawa sau 2, har ya motsa ko taimako ya iso. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau a kai shi asibiti a ranar, saboda ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da ciwo bayan wasu sa'o'i.